Wanda Ke Tsakiyar Takardar

Gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni: na yi wauta. Kuma ban yi ta da ƙuruciya ba, balle in laƙa wa shekaru laifi. Na yi ta ne da furfura har a gira, ina da jikoki, ina tsayawa a sahun gaba a masallaci. Wata takarda aka zana a gidana, na ɗauka ni ne a tsakiyarta, na yi wata bakwai ina yawo da ita a aljihu ina nuna wa mutane.

Karatuna na boko aji uku ne, shi ma na ukun rabinsa a kan bishiyar mangwaro na yi shi. Shekara talatin da 'yan kai ina jan motar haya tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, wani lokacin in zarce Basirka in an samu fasinja. Da ido ya fara yi mini gardama sai na ajiye makulli, na koma gonar da na gada a wajen Wurno, inda ko na kauce hanya ba wanda zan kashe sai dawa.

'Yar autarmu malamar makaranta ce a nan cikin gari. Wata rana da la'asar na tarar da ita a tsakar gida ta baje takarda a kan tabarma, ta zana wani zagaye a tsakiya, ta fitar masa da ƙafafu ta ko'ina, kowace ƙafa da nata 'yan yatsun.

Na ce, "Auta, shekara huɗu kina Kano ana ce mana karatu kike yi, ashe gizo-gizo aka koya miki zanawa?"

Ta ce, "Baba, taswirar tunani ake ce masa. Darasin gobe nake shiryawa."

"Tunani har taswira gare shi? Nawa ko hanyar jaki ba shi da ita."

"Shi ya sa kai ya fi dacewa da ita," in ji ta. Ta ja ni na zauna. Ta ce abin da ya fi damun mutum shi zai sa a tsakiya, sannan duk abin da ya rataya da shi a ja masa reshe, reshen ma in yana da 'ya'ya a ja musu nasu. Na ce ai ni rubutuna sai an kira ni in karanta, wani lokacin ni ma sai in tsaya ina kallonsa kamar baƙo. Ta ce ba dole ne rubutu ba, in zana hoto.

Don in ba ta kunya na karɓi biron. Na juya bayan tsohuwar kalanda, na zana gona a tsakiya. Na ja reshen iri, na ja na taki, na ja na masu taya ni noma, na ja na rumbu. A ƙarƙashin rumbu hannuna da kansa ya ja wani ɗan reshe ya zana ɗigon ruwa. Shekara uku jinkar rumbun nan tana yoyo, kuma shekara uku ba na tunawa sai hadari ya haɗo. Ran nan, ana tsakiyar rani, na tuna. Abin ya kama ni. Lissafin 'yan boko na ɗaya, biyu, uku bai taɓa zama a kaina ba, don ni tunanina ta ko'ina yake shigowa kamar fasinjan ranar kasuwa. Wannan kuwa kowa ya shigo akwai kujerarsa. Daga nan na zama gwani. Na yi ta shuka, na yi ta bikin jika, har ta magungunan hawan jinina na yi, da rana da wata a kan kowace ƙwaya.

A shekarar ne uwargidana ta fara mantuwa.

'Yar Gwaram ce. Mun haura shekara hamsin tare, kuma ita kaɗai na taɓa aura, ba don kirki ba, don ba wadda za ta iya da ni. Abin ya fara da gishiri sau biyu a miya. Sai takalminta a cikin tukunya. Sai ta kira jika da sunan wanda ya daɗe a ƙasa. Wata safiya aka tsinto mana ita a hanyar tasha da mayafinta, ba ta san inda za ta ba, ba ta san inda ta fito ba. Muka kai ta babban asibiti. Likita ya yi mana bayani a tsanake, ya ce ciwon mantuwa ne na tsufa, abin da ya tafi ba zai dawo ba, amma a riƙa tuna mata da mutanenta a hankali, kada a yi mata tsawa.

Auta ta ce za ta yi mata taswirar gida. Ta so ta sa uwar a tsakiya, na ce a wane gari aka taɓa ajiye maigida a gefe? Ta yi dariya ta zana ni a tsakiya, da hula da tumbi. Ta ja rassa shida, 'ya'yanmu shida, ta manna hoton kowa, jikoki a ƙarƙashinsu. Kullum bayan an sha koko sai ta ɗora mata yatsa a kan reshe ta ce, "Inna, wane ne wannan?" Ran da kan ya washe ta faɗa, ran da ya yi duhu ta yi ta kallo. Amma akwai mutum biyu da ko ran da ta fi kowace rana lafiya ba ta faɗi sunansu ba: ni da ɗan farinmu.

Wannan ba ciwo ba ne, haka matan zamaninmu suka tashi. Mace ba ta kiran sunan mijinta, ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Na farin ma ya fi tsanani. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta kallonsa ido da ido, in ya shigo ɗaki ta sami abin yi a waje. Namu da aka kai shi yaye wurin kakarsa a Gwaram, can ya zauna. Can ya yi allo, can ya girma, can ya koyi ɗinki, can ya yi aure. Kakar yake kira Inna, uwarsa kuwa Yaya yake ce mata, yadda ya ji 'yan gidan suna kiranta. Yana ɗan shekara goma bel ɗin injin niƙa ya cire masa ƙaramin yatsan hannun hagu. Ni na kawo labarin daga Gwaram. Ba ta bi ni ta duba shi ba, don a lokacin abin magana ne a ce uwa ta ruga wurin ɗan fari. Kwana uku dai tuwonta yana komawa kicin yadda aka kawo shi.

Abin da take yi shi ne ƙulli. Duk Juma'a kafin in fita sai ta miƙo mini ƙullin tsumma ta ce, "A kai wa Inna," wato mahaifiyarta. Dakuwa ce a ciki mafi yawa, wani lokacin da ɗan wani abu a naɗe a ƙasa. Tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, ban taɓa kai ƙullin nan cikakke ba. Kafin in wuce rabin hanya na kwance shi na ɗauki ladan direba. Tsohuwa me za ta yi da dakuwa har goma sha biyu, haƙori nawa gare ta? Haka nake gaya wa kaina ina tauna.

Wata rana da hantsi, auta ta tafi makaranta ta bar biro a kan tabarma. Na dawo daga zaure na ga uwargida ta juya bayan kalanda tana zane. Matar da rabonta da alƙalami tun na allo. Ashe duk zaman nan tana kallon yadda muke yi. Ta yi zagaye a tsakiya, ta bi shi, ta sake bi, ta sake bi, har takardar ta kusa hujewa. Ba ta sa komai a cikinsa ba. Sannan ta ja rassa biyar. Ɗaya mota. Ɗaya dutse mai tsaga a ka. Ɗaya ƙulli, har da kunnuwan ɗaurinsa. Ɗaya hula. Na biyar hannu.

Na durƙusa na ɗora yatsa a kan zagayen, na ce, "Hajiya, wane ne a nan?"

Ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

Shi ke nan, na gama karatu. Wa take jin kunya in ba ni ba? Mota tawa ce. Dutse na hanyata ne, na wuce shi ya fi a ƙirga. Ƙulli, ai ni nake ɗauka, ni nake ci. Hula, kowa ya san ni da karkata hula. Hannu kuwa hannun da ya riƙe sitiyari ya ciyar da gida. Na ninke takardar na sa a aljihun gaba, ƙirjina kamar an hura. Da auta ta dawo na buɗe mata rabi na rufe, ban bari ta riƙe ba, kada ta ce za ta kai makaranta. Ta ce, "Allah ya bar ƙauna, Baba," ta wuce kicin.

Da yamma na kai ta majalisa, gindin dalbejiyar da tsofaffin tasha muke zama. Na ce su zo su ga mijin da ko ciwon mantuwa bai iya gogewa ba. Aka yi ta miƙa ta hannu zuwa hannu. Wani tsohon mai faci, abokin tsokanata tun muna samari, ya kai ta kusa da ido ya daɗe.

Ya ce, "Direba, hannun nan yatsa huɗu gare shi. Naka biyar ne, sai dai in na biyar ɗin na sata ne, wanda kake zura wa kayan fasinja."

Na ce, "Kai da kake da cikakken hankali sau nawa ka mayar da taya ba ka ƙirga noti ba? Marar lafiya za ka kama da lissafi?"

Aka yi dariya, ni na fi kowa. Allah ya aiko mini da gaskiya ta bakin mai faci, na mayar da ita abin raha.

Ranar Juma'ar makon ɗan farin namu ya zo daga Gwaram a kan babur. Mutum ne mai shekara hamsin da ɗoriya, marar yawan magana, furfura ta fara fito masa a gemu. Ya kawo mata zane da zuma. Ya cire takalmi, ya durƙusa daga bakin ƙofa kamar yadda ya saba, ya ce, "Yaya, ina wuni? Yaya jiki?"

Ta juya fuska bango.

A ranar kanta a washe yake. Da safe ta faɗi sunan 'ya'ya biyar a taswirar auta ba tuntuɓe. Auta ta matso ta kama hannunta ta ce, "Inna, dubi mana. Wane ne wannan ya zo?" Uwar ba ta juyo ba. Auta ta sake tambaya. Uwar ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Auta ta fashe da kuka. Ita 'yar zamani ce, tsakaninta da wan nata shekara ashirin da wani abu, kuma ta ga yadda ciwon ya cire wa uwar kunyar abubuwa da yawa, har cin abinci a gaban surukai. A ganinta wannan kunyar ma ta tafi, abin da ya rage mantuwa ce.

Auta tana da uzuri. Ni fa? Shekara hamsin ina ganin matar nan tana juya wa yaron nan fuska. Jan mayafin nan shi ne wanda ta yi mini kwana uku da suka wuce, na ce ƙauna ce. Yau ta yi masa, na bari aka ce mantuwa ce. Ban tsaya a shiru ba ma. Ba na son ganin kuka, kuma ni duk abin da ba na so da wasa nake korarsa. Na ce, "To malam tela, kai ma an shafe ka a allo. Kowa ya sauka, direba kaɗai ya rage a motar." Na bubbuga aljihun gaban rigata ina dariya. "Ga shaida nan, da hannunta ta zana."

Bai ce in nuna masa ba, ni ma ban ciro ba. Ya ɗan yi murmushi don kada in ji kunya. Ya ce, "Allah ya ƙara sauƙi." Aka kawo abinci ya ce ya ƙoshi, akwai ɗinkin mutane yana jiransa. Na ji ƙarar babur ɗinsa har ta ɓace.

Bai sake zuwa ba. Ba fushi ya yi ba, da fushi ne da ya fi mini sauƙi. Duk mako yana kiran auta a waya ya tambayi jiki, yana aiko da zuma da 'yan kayan marmari ta hannun direbobin tasha. Da auta ta ce ya zo mana, sai ya ce mata marar lafiya ba ya son baƙuwar fuska, kada ya riƙa firgita ta a banza.

Ita kuwa sai ta koma ƙulli. Duk tsumman da ta samu sai ta ɗaure, ta miƙo mini ta ce, "A kai wa Inna." Innar da ta shekara ashirin da rasuwa. In karɓa in ce to, in fita zaure in kwance. Wani lokacin 'yan ƙwayoyin gyaɗa, wani lokacin tsakuwa, wani lokacin ba komai. Na ce wa auta kewar tata uwar take yi. In ta ji tsayuwar babur a ƙofar gida sai ta gyara mayafi ta juya bango tun kafin a yi sallama, in ta ji muryar wani ce sai ta juyo. Wannan ma na gani da idona. Na ce ciwo ne.

Ta rasu bayan an gama yankan dawa, ranar Talata da hantsi, auta na riƙe da kanta. Kafin azahar ɗan farin ya iso. Shi ya shiga kabari ya karɓe ta.

Ranar uku, da mutane suka ragu, na shiga cikin gida in gaisa da ƙanwarta da ta zo daga Gwaram, wadda a ɗaki ɗaya ta tashi da ɗan namu, ita ta goya shi. Ina son wani ya san irin matsayin da nake da shi a wurin marigayiya. Na ciro takardar, duk ta yi laushi da gumi, na ce, "Duba abin da yayarki ta bar mini."

Ta riƙe ta a juye, ta gyara. Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Wannan ai dutsen bayan gidanmu ne, ga tsagarsa nan. A gindinsa yake zama ran Juma'a yana jiran motarka."

Na ce, "Wa?"

Ba ta kula ni ba. Ta ɗora yatsa a kan hular. "Wannan kuma ta saukar karatunsa ce. Wata biyu tana ɗinkinta a ɓoye, a ƙasan dakuwa ta aiko da ita." Ta ɗago ta dube ni. "Kai wace hula ta taɓa ɗinka maka?"

Ba ta taɓa ba. Duk hulunana a kasuwa na saye su.

Daidai nan ɗan farin namu ya shigo yin sallama, zai koma Gwaram. Ta ce, "Zo nan, ɗana, zo ka gani." Ya durƙusa. Ta shimfiɗa masa takardar a kan tabarma. Ya bi rassan da ido ɗaya bayan ɗaya, mota, dutse, ƙulli, hula. Da ya zo kan na biyar sai ya tsaya. Ya ɗaga hannunsa na hagu a hankali ya ɗora a gefen zanen. Auta tana tsaye da buta a hannu, ta ajiye ta a ƙasa ta shige ɗaki.

Ya kai yatsa kan zagayen nan na tsakiya, wanda aka bi aka sake bi, ya shafa shi. Ya ce, "Baba, in ba damuwa zan tafi da ita."

Na ce, "Taka ce."

Na raka shi har ƙofar gida, abin da ban taɓa yi ba. Ya ninke takardar ya sa cikin hularsa ya mayar a ka. Ya hau babur, ya sa makulli, bai tayar ba. Nan ya yi mini magana guda ɗaya.

Maganar nan na sa ta a tsakiyar bayan kalanda ya fi sau goma. Na ja reshen ban sani ba, ya tsaya gajere, ba ya 'ya'ya. Na ja reshen wasa nake yi, shi ma bai je ko'ina ba. Na ja wani na zana ido a kansa, don abubuwan da na gani, sai ga mai faci, ga ƙullin tsakuwa, ga juyawa bango in babur ya tsaya, har takardar ta cika na rasa wurin sa sauran. Auta ta ce amfanin taswira ke nan, ta nuna wa mutum abin da yake kansa tun da. Ban ce mata ƙarya ta yi ba.

Yanzu duk wata yana zuwa gaishe ni. Ya kawo zuma, ya durƙusa, mu yi maganar damina da ciwon gwiwa. Bai sake tayar da zancen ba, ni kuma har yau ban ba shi amsa ba. Ba da ɗaga murya ya faɗa ba, ko kallona bai yi ba, idonsa na kan makullin babur. Cewa ya yi:

"Baba, ranar da na zo ɗin nan, ashe takardar nan ce kake ta bubbugawa a aljihunka."